Inda Ake Salla Ana Kallon Yamma

Sallar farko da na yi a ƙasar Indiya, baya na ba wa Ka'aba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Da hantsi muka sauka Madaras. Kafin in sami ɗakin da makarantar koyon jima ta ba ni, azahar ta yi. Na tambayi wani mai shara inda rana take fitowa, ya nuna min, na shimfiɗa buzuna a baranda na kabbara. Ina sallamewa sai na ga wani siririn dattijo mai jan gemu tsaye yana jirana. Ashe limamin ƙaramin masallacin unguwar ne. Ya gauraya Larabci da Turanci ya ce, "Ɗana, ina ka dosa?"

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Na ce a raina, yau ga ikon Allah! Ni ɗan Ƙofar Marke ta Sakkwato, wanda ya sauke Alƙur'ani tun kafin ya fara gemu, ni Ba'indiye zai koya wa salla? Na ce masa gabas na dosa, kamar yadda iyayena da kakannina suka yi. Bai yi musu da ni ba. Ya cire hularsa ya ajiye a kan buzun, ya ce nan Makka. Ya ɗauki tasbahata ya sa a gefe guda, ya ce nan garinku. Ya sa makullin ɗakina a ɗaya gefen, ya ce nan Madaras. "To daga nan, ina za ka kalla?"

Na kalli makullin, na kalli hular. Ni da na ci jarrabawar labarin ƙasa da hannu ɗaya! Na juya buzu yamma na rama sallata, shi kuma ya tafi yana murmushi.

Amma ba kunyar ce ta hana ni cin abinci ranar ba. Saƙon Inna na tuna.

Inna kakata ce, wadda ta haifi ubana, ita kuma ta rene ni. Ubana ban taɓa ganinsa ba. Ina cikin uwata aka ɗebe shi soja lokacin yaƙin Burma, wasiƙarsa ɗaya ta iso gida, daga nan shiru. Bayan yaƙi aka aiko cewa ya rasu, ba a ce ga inda ba, ba a ce ga yadda ba. Shi ne ɗan farinta, saboda haka ko sau ɗaya ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mai tahiya" take ce masa. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta zancensa. Sai dai kayan dukancinsa, wuƙa da basilla da dutsen wasa wuƙa, suna ƙarƙashin gadonta, kuma duk shekara sai ta fito da su ta shafa musu mai.

Da kuɗin mai ya ɓarke, gwamnatin soja ta shiga tura yara karatu ko'ina, ni ma rabona ya faɗo Indiya, in koyo jimar zamani don jar fatar Sakkwato. Ranar da na gaya mata, sai da ta gama saurarona tsaf. Can ta ce, "Maigidan banza, za ka tahi ka bar amarya." Haka muke wasanmu na jika da kaka. Na ce ai Ba'indiya zan auro mai gashi har gadon baya, in huta da tsohuwa. Ba ta yi dariya ba. Ta laluba ta kamo hannuna, don lokacin idonta ya fara tafiya.

"Ji nan, Mamman. An ce ƙasag ga da za ka, nan anka kai su. Ka biɗo min inda anka aje mai tahiya. Ba ƙashinai nika so ba, ƙasa duk ta Allah ta. Abu guda nika son sani kahin in kwanta. Sun gwada huskatai gabas?"

Ta rataya min wata laya a wuya, ta ce wasiƙarsa ce a ciki, ita ta sa aka ɗinke tun ina goyo. Ƙanen ubana, Baffa Sani, shi ya karanta mata ita lokacin da ta zo, shi kuma ya rubuta min lambar sojan ubana a wata 'yar takarda. Na kuma je unguwar Gawon Nama wajen wani tsohon soja mai gadi, Saje Altine, wanda suka tafi tare. Ya ce, "Garba? Na baro shi asibiti, wani gari bakin teku, Citagon. Harsashi a cinya, zazzaɓi bisa kai. Mu anka tura gaba. Ban sake ganinai ba." Iyakar guzurina ke nan.

To yanzu ga ni a ƙasar da gabas ba alƙibla ba ce. In ya fuskanci gabas, an juya masa baya ga Ka'aba. In ya fuskanci yamma, me zan gaya wa tsohuwar da ba ta taɓa wuce Wurno ba, wadda a wajenta kabarin da ya kalli yamma ba na musulmi ba ne?

Shekara biyu na yi a Madaras ina jan ƙafa. Zafin garin mai ɗanko ne, ba irin namu mai bushewa ba. Shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa yamma, da wata miya mai tsami da ba ta taɓa zama a cikina ba. Na yi mafarkin fura har na gaji. In na shiga kasuwa sai a bi ni da kallo, wani har ya miƙo hannu ya taɓa gashina ba sallama. Sau biyu na kusa dambe. Abin da ya riƙe ni a garin nan warin majema ne, don shi kaɗai ne iri ɗaya da na gida. In kewa ta ishe ni sai in je in tsaya bakin ramin jima in lumshe ido.

Limamin nan shi ya zama ubana a can. Shi ya sa wani malamin makaranta ya nemo min adireshin ofishin da ke ajiye takardun tsofaffin sojoji a Ingila. Na rubuta, na sa lamba. Wata biyar shiru, har na fid da rai. Sai ga amsa: sojoji da yawa an rubuta su Garba Sakkwato, don Turawa sunan mutum da na garinsu kawai suke ɗauka, amma mai wannan lamba yana maƙabartar sojoji ta Citagon, layi kaza, kabari kaza. Citagon kuwa yanzu ba ta cikin Indiya, tana Bangaladash. Na ninke takardar na sa a jaka, na ci gaba da cewa sai hutu mai zuwa. Gaskiya tsoro nake ji.

Wasiƙar Baffa Sani ce ta tashe ni. Ya ce idon Inna ya rufe gaba ɗaya, ƙafa ma ta ƙi, kuma duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ce a duba ko mai kawo wasiƙa ne. A ƙarshe ya rubuta, "In kana da abin da za ka yi mata, yi shi bana."

Na shiga jirgin ƙasa zuwa Kalkata da farkon damina. Kwana biyu muna tafiya, mutum bisa mutum. A nan na gamu da wani mai siririn gashin baki da farar riga fes, Turancinsa kamar ana zuba ruwa. Ya ce ya san Afirka, ya ce ƙanensa na aiki a Legas, ya saya min shayi, ya kore min masu kallo. Na ba shi labarina kaf, har da Inna. Wallahi har idonsa ya kawo ruwa. Da muka isa tashar Kalkata, wadda ban taɓa ganin taron mutane irin nata ba ko ranar idi, ya ce in je in yi alwala, shi zai tsare min jaka, ai an zama ɗaya.

Na dawo, ba shi ba jaka.

Na zaga tashar nan ina zage-zage da Sakkwatanci, mutane na buɗa min hanya suna zaton mahaukaci ne. Tufafina sun tafi, da kilishin da nake ta lallaɓawa, da takalman fata biyu da na ɗinka don kyauta. Duk wannan bai dame ni ba kamar takardar Ingila da 'yar takardar Baffa mai lamba, su ma suna ciki. Allah ya so ni fasfo da guzurina suna cikin lalitar da na ɗaura a ƙugu. Na zauna a kan dakali na kifa kai. Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara ta zo ta ajiye min guda ɗaya a cinya, ta yi wata magana da yarensu, ta koma wajen tukunyarta. Ban san me ta ce ba, amma na cinye masarar.

Kwana shida na yi a Kalkata ina jiran izinin shiga Bangaladash, ina kwana a barandar wani masallaci da riga ɗaya. In na wanke ta sai in zauna da zanen da ladan ya ara min har ta bushe, ita kuwa ba ta bushewa don ruwa ba ya ɗaukewa. Sau uku na yanke shawarar komawa Madaras. In ce wa Inna na je, na gani, gabas ya kalla, wa zai ƙaryata ni? Amma na san tsohuwar nan. Tun ina yaro in na yi ƙarya ba ta duka, hannuna kawai take riƙewa ta yi shiru har in faɗi gaskiya da kaina.

Daga kan iyaka zuwa Citagon ban iya ƙirga motoci da jiragen ruwan da na hau ba. Ƙasar duk ruwa ce. Kogin da muka fara ƙetarewa ban hango ɗaya gaɓar ba, na riƙe ƙarfen jirgi ina karanta duk abin da ya zo bakina, ni da gulbin Rima ma sai da rani nake yarda da shi. Amma shinkafar da ke shimfiɗe hagu da dama ta tuna min fadamar gida, har mata masu dashe sun duƙa yadda namu suke duƙawa. Mutanen ba su da komai, yaƙi da yunwa ba su daɗe da sakinsu ba, sojoji kuma a kan hanya kamar dai namu. Sai dai da na ce salamu alaikum sai fuska ta sake. A cikin jirgin ruwa wani manomi ya raba 'yar shinkafarsa biyu a kan ganyen ayaba ya turo min rabi. Da na nuna na ƙoshi sai ya ɓata rai, dole na ci.

Zazzaɓi ya kama ni kwana ɗaya kafin Citagon. Na shiga garin ina rawar ɗari, ina tunanin ashe haka shi ma ya shigo. Mai keken haya na farko ya kai ni maƙabartar Turawan mishan, ya rantse ita ce, ya yi gaba. Na biyu ne ya kai ni daidai.

Wuri ne a gindin wani ɗan tudu, itatuwa sun kewaye shi, ciyawa a gyare kamar an yi mata aski. Kaburburan ba tudun ƙasa ba ne irin namu, ƙananan alluna ne a jere, kowanne da suna da lamba. Na fara bi layi layi. Sunayen Turawa, sunayen Indiyawa, sai kwatsam na ga Musa Zariya. Na ga Audu Katsina. Na ga Isa Bauci. Shekara biyu ban ji Hausa a bakin kowa ba, sai ga ta kwance a ƙasa tana jirana. Na riƙa yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, ban damu da wanda zai ji ba.

Garba Sakkwato biyu na samu, tsakaninsu layi uku. Lambar kuwa ta tafi da mai gashin baki. Na yi ta ƙoƙarin tunawa, zazzaɓi ya dagula min lissafi, in na kalli wannan sai in ga kamar ita ce, in na koma wancan haka.

Wani tsoho mai kula da lambun wurin yana ta kallona daga nesa, da almakashi a hannu. Ya matso ya ce, "Sannu." Da Hausa! Ita kaɗai ya sani, sai "ruwa" da "madalla". Da guntun Turancinsa ya ce lokacin yaƙi yana saurayi, yana cikin masu haƙa kabari a nan. Na nuna masa allunan biyu, na gaya masa damuwata. Ya nuna layar wuyana ya ce wannan fa?

Ban taɓa tunanin buɗe ta ba, don a wajena ta Inna ce. Na karɓi almakashinsa, na zauna a ciyawa, na warware ɗinkin a hankali yadda ɗan baduku ya kamata ya yi, ban yanki fatar ba. Takardar ta yi ja, ta yi laushi. A samanta wani akawu ya rubuta suna da lamba da boko. Na kai ta jikin allo na biyu, wanda ke kusa da wata bishiya mai jan fure. Lamba ta hau lamba.

Sauran ajami ne, hannun ubana, manyan baƙaƙe a karkace irin na wanda ya fi sabawa da basilla. Ya gai da mahaifiyarsa, ya gai da uwata, ya ce kada a sayar da wuƙarsa. Ya ce, "Na ji labarin haihuwa. A shafa min kan yaron." Daga ƙasa kuma ya ƙara layi biyu: "Sani, ƙasar nan yamma muke kallo in za mu yi salla, malamansu sun ce Makka tana bayan faɗuwar rana. Kada ka karanta wa Inna wannan, hankalinta zai tashi."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ina da shekara talatin da 'yan kai, na fi mai kabarin tsufa, na zauna ina kuka kamar an yaye ni ranar. Na cire hulata na dafa kaina da hannuna, tunda saƙon bai taɓa isowa ba sai yau.

Tsohon ya bar ni sai da na gaji. Sannan na tambaye shi yadda aka binne su. Ya ce ubana kam ba zai ce ya tuna shi ba, suna da yawa, ba zai yi min ƙarya ba. Amma musulmin cikinsu 'yan'uwansu ne suke yi musu wanka, limaminsu baƙar fata ya sallace su, su kuma 'yan gari su haƙa. Ya ce, "Da farko in sababbin sojojinku suka zo sai su ja sahu suna kallon fitowar rana, sai mun kama kafaɗunsu mun juya su." Ya yi dariya, ni ma na yi. Ya kwanta a ciyawa gefen kabarin, a kan hannun dama, kai a arewa, ya nuna min da jikinsa yadda aka sa shi. Fuskarsa tana kallon inda rana za ta faɗi.

Na karanta abin da ya sawwaƙa. Na ba tsohon fatar layar, don ba ni da wani abin ba shi, takardar kuma na sa a lalita.

Sai da na ƙare karatu bayan wata bakwai na dawo gida, kullum ina fargabar wasiƙar Baffa. Na tarar Sakkwato ta cika da sababbin motoci da gidajen siminti, har na kusa ɓata a unguwar Minanata. Inna kuwa tana nan a ɗakinta, ta ƙanƙance, tana zaune a kan buzu. Ta shafa fuskata ta ce, "Ina Ba'indiyar?" Na ce ta ga hotonki ta tsorata. Ta ɗan murmusa, ta kamo hannuna ta riƙe. Baffa Sani yana tsaye bakin ƙofa, yana yi min alama da ido.

"Ka ishe shi?"

"Na ishe shi, Inna. Wuri mai inuwa. An yi mai wanka, an yi mai salla, musulmi sunka haƙa."

"Gabas?"

Baffa ya yi gyaran murya. Hannunta yana kan nawa, ta yi shiru irin nata.

Na ce, "A'a, Inna. Yamma."

Na ji yatsunta sun saki. Kafin ta janye na riƙo su. Na ɗauko goro ɗaya daga faifanta na ajiye a tsakiyar buzu, na ɗora hannunta a kai, na ce nan Makka. Na ja hannun zuwa gabanta na ce nan Ƙofar Marke, nan kike. Na mayar da shi kan goron, na wuce da shi can gaba har ƙarshen buzun, na ajiye wasiƙar a wurin, na ce nan yake. Ya wuce Makka, Inna. Wanda ya wuce ta, sai ya waiwayo.

Ta bi hanyar da yatsunta ita kaɗai. Daga gabanta zuwa goro, daga goro zuwa takarda. Ta sake dawowa. Sau uku tana yi.

"To in na tada salla," ta ce a hankali, "shi yana ta can gaba gare ni?"

"Yana can, Inna. Ka'aba na tsakaninku."

"Huskatai na wajjena?"

"Tana wajenki."

"Shekarun ga duka?"

Na ce duka.

Ladan ya kira la'asar. Ta ce a ba ta ruwa, ta yi alwala a zaune, na gyara mata buzu. Ba ta kabbara nan da nan ba. Ta ɗaga makafin idanunta ta kalli bangon gabas, wanda ta shekara sittin tana kallo, ta ɗan gyara lulluɓinta kamar mai baƙo.

Ta ce, "Garba."

Baffa Sani ya juya ya fita tsakar gida. Ita kuwa ta ɗaga hannu ta kabbara.